Jos ta Da a Cikin Tsohuwar Takarda

Da wuya a sami gari a Arewacin Nijeriya da mutanensa ke begen jiya kamar Jos. Wanda ya tashi a Gangare ko Jenta ko Bukuru, ko da yanzu yana zaune a Kano ko Abuja ko Landan, da zarar an ambaci garin sai hira ta koma kan sanyin Disamba, da silimar Kwararafa, da babbar kasuwar Taminus kafin ta ƙone, da zamanin da ba a tambayar addinin mai gida kafin a kama ɗakin haya. Bakano in yana son nuna wa ɗansa tarihi sai ya kai shi Dala ko kasuwar Kurmi, Bakatsine kuma yana da hasumiyar Gobarau. Jos kuwa, a matsayinta na birni, shekarunta ɗari ne da 'yan kai, kuma da yawa daga wuraren da za a nuna wa yaro sun rushe, ko sun ƙone, ko suna cikin unguwar da uban ba ya sakin jiki ya shiga. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne takarda: tsofaffin jaridu da mujallu da suka yi ja a ƙasan akwati, da hotunan da aka yanko daga cikinsu ana tura wa juna ta waya. A ganina wannan bege ba abin kunya ba ne, kuma takardun nan dukiya ce ta gaske. Sai dai amfaninsu ya rataya a kan sharaɗi guda, wato a karanta su cikakku, shafi bayan shafi, a kuma san wanda ya buga kowace da abin da ya sa ya buga ta. Hoton da aka yanko shi kaɗai yana sanyaya zuciya, amma ba ya gaya wa kowa yadda aka yi garin ya zauna lafiya, balle yadda aka yi zaman ya wargaje.

Kafin a zo ga takardun, ya kamata a tuna cewa kuza ce ta tara Jos. Berom da Anaguta da Afizere suna zaune a kan wannan tudu suna noman acca tun kafin Bature ya san hanyarsa, kuma maƙera da fatake sun daɗe da sanin kuzar yankin. A farkon shekarun 1900 ne wakilan kamfanin Neja suka bi sawun wannan kuza har suka hau dutsen, kamfanonin haƙa suka biyo baya. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, aka shata garin wajen 1915, babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso a 1927, ruwan Kurra kuma ya fara bai wa ma'adinai wutar lantarki tun lokacin da yawancin biranen ƙasar ke kwana da fitilar ƙwai. Aiki ya jawo Hausawa da Barebari da Nupawa, da Ibo da Yarabawa da Urhobo, da mutanen Gana da Saliyo, da Kwarori 'yan kasuwa. Har yau sunayen barikokin haƙa, irin su Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dorowa da Sabon Gidan Kanar, suna nuna harshen da leburori suka haɗu a kansa. Garin da ya taru ta wannan hanya, mai yawan akawu da malaman makaranta da 'yan mishan, dole ya zama garin masu karatu, saboda haka ya bar takarda fiye da garuruwa da yawa da suka girme shi.

Takardun kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace tana da Jos ɗinta. Akwai mujallun zamanin Turawa, kamar Nigeria, wadda E. H. Duckworth ya daɗe yana shiryawa, da Nigerian Field ta masu sha'awar tsuntsaye da tsirrai da al'adu. Idon irin waɗannan yana kan duwatsu da magangarar ruwa da sana'o'in hannu, kuma Filato a wurinsu wurin shan iska ne mai tsayin kusan mita 1,200, inda ma'aikaci Bature zai huta daga zafin Lakwaja ko Ikko, ya sauka a otal ɗin Hill Station, ya buga ƙwallon golf a Rayfield. Akwai jaridun 'yan kishin ƙasa na rukunin Nnamdi Azikiwe, waɗanda suka kafa Northern Advocate a Jos a ƙarshen shekarun 1940, masu magana da muryar akawu da ma'aikacin jirgin ƙasa. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939 tana isa barikokin kuza. A shekarun 1950 hukumar NORLA, wadda aka ɗora wa samar da abin karantawa ga ɗaliban Yaƙi da Jahilci, ta yi wa larduna jaridunsu: Sodangi ga Kano, Himma ga Katsina, Zaruma ga Sakkwato, Bazazzaga ga Zazzau, Zumunta ga Bauchi, lardin Filato kuma ya sami Gamzaki. 'Yan mishan na SIM, da suka mai da Jos cibiyarsu, sun buga Labarin Ekklesiya da Hausa, daga baya kuma cocin ECWA ta riƙa fitar da mujallar Today's Challenge daga garin. Sannan a 1972 gwamnatin Joseph Gomwalk ta jihar Binuwai-Filato ta kafa Nigeria Standard, abin da aka fi dangantawa da ƙorafin cewa New Nigerian ta Kaduna ba ta bai wa jihar muryar da ta kamata. Kamfanin da ke buga ta ya fitar da ta Hausa mai suna 'Yancin Ɗan Adam. A teburin Standard ne Dan Agbese ya yi edita kafin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Newswatch.

Jos ɗin da aka fi bege ita ce ta wannan zango na ƙarshe, daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, kuma masu begen ba mafarki suke yi ba. A 1971 Jami'ar Ibadan ta buɗe reshe a garin, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. A 1972 ƙungiyar Mighty Jets, ta su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo da Baba Otu Mohammed, ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko, kuma sunayen 'yan wasan kaɗai sun isa su nuna irin cuɗanyar garin. Gidan talabijin na jihar shi aka sani da fara watsa hotuna masu launi a Nijeriya, a kewayen Jos aka ɗauki wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn, a nan aka ajiye hukumar fina-finai ta ƙasa, a Kuru aka buɗe cibiyar nazarin manufofin ƙasa a 1979. Kamfanin NASCO, da ya fara da saƙar buhuna a 1963, ya zama sunan da kowane gida ya sani. Ɗan Maraya yana kaɗa kuntiginsa yana waƙar talakawa da sana'o'insu, ana jin sa daga Filato har Yamai. Duk waɗannan sun faru, kuma takardun lokacin sun rubuta su da kwanan wata.

Suka ta farko da za a yi wa mai dogara da waɗannan takardu tana da ƙarfi, ba kuma za a kawar da ita da baki ba. Kowace jarida tana da ubangida. Mujallar Bature ba za ta buɗe da labarin ɗiban gwamna ba, wato aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, aka tattaro mazaje kimanin 100,000 daga lardunan Arewa aka tura su ramukan Filato, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba, kuma lissafin tan ya fi samun wuri a takarda a kan lissafin gawa. Manomin Berom da injin haƙa ya cinye gonarsa aka bar masa kududdufi ba ya cikin hoton filin golf. Garin ma a rabe Bature ya tsara shi, da barikin Turawa a gefe guda, da cikin gari a wani gefen ƙarƙashin wata hukuma dabam. Zaman lafiyar da ake tunawa shi ma ba marar tabo ba ne: a Oktoba 1945 an yi faɗa tsakanin Hausawa da Ibo wanda ya taso daga kasuwa, a 1966 kuma Jos tana cikin garuruwan da aka kashe Ibo da yawa, sauran suka bar gidaje da shagunansu suka gudu. Jaridar gwamnati ta shekarun 1970 kuwa aikinta na farko shi ne nuna gwamna yana yanka kirtani. A ƙara da cewa masu iya karatun boko a lokacin tsiraru ne, mata a cikinsu sun fi ƙaranci, to wane ne zai ce wannan tarin takarda shi ne muryar gari?

Ba wanda zai ce haka, kuma ba a buƙatar a ce. Alƙali ba ya korar shaida don ya gano yana da dangi a cikin shari'a. Yana sauraronsa ne yana sane da inda ya karkata, ya haɗa maganarsa da ta wani, ya fi ba da nauyi ga abin da ya suɓuce masa ba da niyya ba. Haka ya kamata a yi wa tsohuwar jarida. Shafin farko na ubangida ne, amma jarida ba shafin farko kaɗai ba ce. A ciki akwai tallar shago da adireshinsa, da sanarwar fim ɗin da silima za ta nuna, da jadawalin jirgin ƙasa, da cigiyar ɓatacce, da sanarwar rasuwa da ta canjin suna, da sakamakon jarrabawa, da jerin 'yan ƙwallo, da rahoton ƙaramar kotu, da wasiƙar mai karatu yana kukan famfon unguwarsu ya ƙafe. Ba wanda ya rubuta waɗannan yana tunanin tarihi, saboda haka ba wanda ya tsaya yi musu kwalliya. Telan da ya biya kuɗi don a buga lambar shagonsa ba shi da dalilin yin ƙarya a kan titin da yake. Idan aka tara irin waɗannan na shekara goma aka jera su, za a iya zana taswirar wanda ke zaune a ina, wanda ke sayar wa wa, da makarantar da 'ya'yan wa da wa suka haɗu. Abin da shafin farko ya ɓoye ma yakan leƙo ta nan, domin tallar neman leburori da ƙarar ma'aikata a kan albashi da gardamar diyyar gona duk ƙananan labarai ne a idon edita. Manazarta sun riga sun nuna cewa ana iya wannan aiki. Leonard Plotnicov, wanda ya zauna a Jos a farkon shekarun 1960, ya gina littafinsa na 1967 a kan rayuwar wasu mazauna garin 'yan ƙabilu dabam-dabam, Bill Freund kuma a 1981 ya tono tarihin leburorin kuza daga takardun hukuma da na kamfanonin da suka ci guminsu. Takardar mai mulki ce ta ba da shaida a kansa, don an karanta ta da ido biyu.

Mai karatu irin wannan zai ga wani abu da mai kallon hoto ba zai gani ba. Ana yawan magana kamar zaman lafiyar Jos ɗabi'a ce ta mutanen da, ko albarkar sanyin gari, wadda ta gushe don zukata sun lalace. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya riƙe garin shi ne wuraren da dole mutane su haɗu kowace safiya: ramin haƙa, da tashar jirgi, da masana'antar narkar da kuza ta Makeri, da layin karɓar albashi, da filin ƙwallo, da silima, da kasuwa. Mutumin da kuke ƙungiyar ƙwadago ɗaya, ko kuke bin juna bashi a rumfa, yana da wuya ya zama maƙiyin da ba shi da fuska. Waɗannan wurare kuwa sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, manyan kamfanoni suka ja da baya, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya a Oktoba 1985, jirgin ƙasa ya zama sai an tuna. Da aikin kamfani ya ƙare, sai ido ya koma kan abin da gwamnati ke rabawa, wato kujera da gurbin karatu da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri. Ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ya bai wa wannan gasa fili, rikicin Afrilu 1994 a kan naɗin shugabanta ya zama gargaɗi, na Satumba 2001 ya ci rayuka kusan 1,000 cikin mako guda. A Fabrairu 2002 babbar kasuwar Taminus, wadda aka kammala a 1985, ta ƙone, aka rasa rufi mafi girma da ke tara kowa da kowa. Bayan rikicin Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 unguwanni suka ƙarasa rabuwa, har kasuwanni suka bi sahu. Wannan jerin ba ya wanke waɗanda suka hura wuta ko suka ɗauki makami, amma yana nuna inda ginin ya fara tsagewa, kuma wanda ya bi jaridun shekara bayan shekara zai iya ganin tsagewar tun tana ƙarama.

Suka ta biyu ta fi ta farko tayar da hankali. Za a ce tono tsofaffin takardu a gari irin Jos tamkar raba makamai ne, domin gardamar da ta fi kowace zafi ita ce ta wa ke da garin. Hausawan Jos suna kafa hujja da jerin sarakunan da suka riƙe cikin gari a zamanin Turawa da rawar kakanninsu wajen gina shi. Berom da Anaguta da Afizere suna kafa hujja da cewa ƙasar ta kakanninsu ce tun kafin a haƙa rami ɗaya, kuma sarautar da aka naɗa Rwang Pam a kanta a 1947 ita ce ta zama ta Gbong Gwom Jos. Kowane ɓangare ya sha kai takardunsa gaban kwamitocin bincike, daga na Mai Shari'a Fiberesima a 1994, zuwa na Niki Tobi bayan 2001, zuwa na Bola Ajibola bayan 2008. Haɗarin gaskiya ne. Amma a lura da irin takardar da ke zama makami: kullum guntuwa ce, layi biyu da aka tsamo daga rahoton wani Razdan, ko hoton da ba kwanan wata, ba sunan wanda ya ɗauka. Guntun yana da kaifi ne saboda ba wanda ke iya ganin abin da ke gabansa da bayansa. Ɓoye sauran takardun ba zai karɓe guntayen daga hannun masu riƙe da su ba, sai dai ya hana kowa ƙaryata su. Cikakken kundi kuwa ba ya goyon bayan kowa har ƙarshe. Zai nuna wa wanda ke cewa wasu baƙi ne na jiya sunayen kakanninsu a tallar shago ta shekara saba'in da suka wuce, ya kuma nuna wa wanda ke cewa daji aka tarar ƙarar manoman da aka karɓe wa gonaki. Ba na da'awar cewa wannan zai warware gardamar sarauta ko ta takardar asali, domin waɗannan batutuwa ne na siyasa da tsarin mulki. Zai dai rage yawan ƙaryar da ake iya yi a cikinta.

Akwai kuma masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, matashin da ba shi da aiki ba tsohuwar jarida yake buƙata ba. Gaskiya ne ba za ta ba shi aiki ba. Amma wanda aka haifa a 2001 yanzu ya kai aure, kuma bai taɓa sanin Jos da ba ta da iyakokin da ba a rubuta ba. A wurinsa Unguwar Rogo ta wasu ce, Jenta Adamu ta wasu ce, haka Allah ya yi su. In tsoho ya gaya masa ba haka aka taso ba, yana iya ɗauka daɗin bakin tsufa ne. Shafin da ke ɗauke da kwanan wata da sunaye da adireshi ba ya karɓar wannan zargi, kuma shi ne zai nuna masa cewa rabuwar nan tana da ranar farawa, mutane ne suka yi ta.

Matsalar gaggawa ita ce takardar kanta tana mutuwa. Takardar jarida mai araha ce, tana da sinadarin da ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa ko ba a taɓa ta ba, ga gara, ga damshin daminar Filato, ga masu ƙosai da tsire da suka naɗe tarihi mai yawa. Gidaje da yawa da ke da akwatunan takardu sun ƙone a rikice-rikicen da aka ambata, wasu kuma an watsar da su wajen ƙaura cikin gaggawa. A Oktoba 2016 gobara ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke harabar Naraguta, abin da ya nuna cewa ko ginin hukuma ba mafaka ba ce in kwafi ɗaya ne tak. Abin da ya tsira yana warwatse: a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, a ɗakin karatun gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952, a rumbun kamfanin Standard, a ofisoshin coci da na mishan, a Zariya inda aka buga Gamzaki, da kuma ɗakunan karatu na Ingila da Amurka da ɗan unguwar Dilimi ba zai taɓa shiga ba. Jaridun Hausa sun fi shiga haɗari, domin masu ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya suna sawa a intanet sun fi farawa da manyan jaridun Turanci na Ikko. Aikin da ake buƙata ba ya neman kuɗi mai yawa: na'urar ɗaukar hoton takarda, da ɗalibai daga sassan tarihi da aikin jarida da Hausa, da ƙa'idar cewa kowane shafi za a ɗauke shi cikakke, da sunan jarida da kwanan wata da lambar shafi, har da tallace-tallacen da ake gani ba su da amfani, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Iyalan da ke da akwati ba sai sun rabu da shi ba, aro kawai za su bayar na 'yan kwanaki. Ya kamata kuma a haɗa da zama da tsofaffin editoci da masu ɗab'i da dillalan jarida na Taminus da Ahmadu Bello Way, domin su ne za su iya faɗin wane labari aka hana bugawa da wanda ya hana, kuma mafi ƙanƙantar waɗanda suka yi aiki a Standard a shekarunta na farko ya haura saba'in.